An Ce Hadari, Mu Mun Ji Duhu

Talatar makon jiya ina wanke robobin zoɓo da sassafe, mai labarai a rediyo ya karanto hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet: Kaduna za ta wuni cikin zafi da gumi, da yamma kuma akwai yiwuwar ruwa da tsawa. Ko uffan ban ce ba. Na tashi na jona waya a caji, na kora yara su cika bokitai kafin mai bohol ya rufe. Mu 'yan Tudun Wada mun daɗe da iya fassara, in an ce hadari, duhu ake nufi.

Masu hasashe kam ba su yi ƙarya ba. Zafin farkon damina ba irin na Maris ba ne, wanda zufa za ta fito ta bushe. Wannan iskar teku ce ta taso daga kudu da danshinta, ka yi wanka ka fito, kafin ka shafa mai ka sake jiƙewa. Zani ya manne a jiki, wuyan yara duk ƙuraje. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da jar ƙura da ledoji, kwanon maƙwabta na kaɗawa kamar ganga. Ɗigo ɗaya bai sauka ba aka ɗauke wuta. Can wajen magariba aka saki wata tsawa, taransifomar layinmu ta yi tartsatsi ta yi shiru. Yau kwana tara.

Da ƙanƙara da zoɓo nake riƙe da 'ya'ya huɗu. Wannan zafin shi ne kakata, shi nake jira duk shekara. Firiza biyu sun narke, kunun aya ya yi tsami na zubar a kwata, ina kallon masu wucewa suna tambayar mai sanyi ina cewa babu. Ana wata ga wata, sai ga bil an liƙa a ƙofar gida, cif-cif kamar na watan da ya wuce.

Jiya na saka hijabi na tafi ofishin wuta. Na tarar da wani yaro, wallahi ban fi shekara biyu da aurar da sa'arsa ba, ya miƙe ƙafa, fanka na kaɗa masa, janareta na ruri a bayan gini. Ku lura, ofishin wuta, janareta. Na yi sallama. Bai ɗago ba. Na sake. Ya amsa da hanci, idonsa na kan waya.

Na ce, "Malam, taransifomarmu ce ta lalace, kwana takwas ke nan."

Ya ce, "An sani."

"To yaushe za a gyara?"

Sai da ya gama kallon abin da yake kallo, ya yi dariyarsa, ya ɗaga ruwan roba mai raɓa ya kurɓa, sannan ya dube ni sama da ƙasa. "Hajiya, ni na aiko tsawar? Ba ki ji an faɗa a rediyo za a yi ba?"

Na haɗiye. Na ce na ji, ɗana, shi ya sa na ɗauka ku ma kun ji. Na miƙa masa bil ɗin, na ce ga shi an caje ni kwanakin da ko kwan fitila bai kama ba. Ya karɓa da yatsa biyu kamar na ba shi tsumman goge ƙafa, ya juya, ya turo min. "Wannan ƙiyasi ne. Ki sayi mita. Maganar gyara kuma ku haɗa kuɗi a unguwa, in kuna so ta yi sauri." Na ce bara ma mun haɗa, gida-gida. Ya ce, "To kin ga kun saba." Ya leƙa bayana ya ce, "Wa ke biye?" Babu kowa a bayana. Ni da benci ne.

Kun saba! Wannan kalmar ce ta hana ni barci, ba sauro ba. Gaskiya ya faɗa. Mun saba sayen waya, mun saba sayen man taransifoma, mun saba biyan mai hawa falwaya, kaya kuma ba namu ba. Da rani a ce ruwa ya ja baya a madatsar Shiroro, da damina a ce iska ta yi yawa. Shiroron nan fa a kan Kogin Kaduna take. Ruwan da ya ratsa garinmu, wanda ke shiga gidajen mutanen bakin kogi in ya cika, shi ke juya injinan can, mu ko wutar hana rantsuwa ba mu samu. A Oktoban 2024 da aka lalata layin da ke kawo wuta daga can, Arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu, aka yi ta alkawari. Ina alkawarin?

Tun 2013 gwamnati ta sayar da harkar rarraba wuta, aka ce mun huta. A 2023 aka cire tallafin mai, janareta ya zama kayan ado a tsakar gida. A 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, unguwannin da aka fi bai wa wuta, zuwa naira 225 kowane yunit da alkawarin awa 20 a rana, wato an raba mu gida biyu, masu iya sayen iska da masu fifita da kwali. Ƙasar da ke iya sanin za a yi tsawa tun da safe, amma ba ta iya tanadin taransifoma guda kafin damina, alhali daminar nan kowace shekara tana zuwa, ba ta taɓa yi mana ba-zata ba. Mu ma ba mu da bakin magana. Mun toshe lambatu da shara, mun yi jonin sata har waya na lilo a kan rufi, in ɗan siyasa ya kawo tsohuwar taransifoma gab da zaɓe mu fito da guɗa.

Yau da safe rediyon batir ya sake cewa zafi da gumi, da yiwuwar tsawa da yamma. Autana ya zabura zai kai waya caji, ya tsaya a bakin soket, ya juyo yana kallona. Na ba shi kuɗi na ce ya kai shagon mai sola, ya dawo kafin gabas ta haɗe.