Me wake ya yi muku ne?

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne mutum ya zuba kuɗi a garin furotin (sinadarin gina jiki) na gwangwani da ƙwayoyin ƙarin jini, amma a ajiye masa kwanon wake ya yamutsa fuska, wai abincin marasa hali ne.

Busasshen wake fa, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinsa furotin ne, waken soya kuma ya haura kashi 35. Ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ga folet, wani nau'in bitamin da mai juna biyu ke matuƙar buƙata, ga fiba, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wadda nama ba shi da ita ko kaɗan. Fibar nan ce ke sa sukari ya shiga jini sannu a hankali, shi ya sa wake ke riƙe ciki, kuma ake ba masu ciwon sukari shawarar cinsa. Ba a banza Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 ga dangin wake ba, sannan ta tsayar da 10 ga Fabrairu a matsayin ranarsu.

Na san ƙorafin, kumburin ciki da iska. Gaskiya ne. Akwai wani nau'in sukari a wake da cikinmu ba ya iya narkarwa, sai ya isa babban hanji ƙananan halittun da ke can su cinye shi, su fitar da iska. To a jiƙa shi ya kwana mana, a zubar da ruwan, a dafa ya nuna luguf. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, hanji na sabawa. Jiƙon yana kuma rage abin da ke hana jiki zuƙar ƙarfen.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen haɗi. Furotin ɗin wake yana da giɓi, na hatsi ma haka, amma abin da wannan ya rasa wancan na da shi, don haka wake da shinkafa ko masara sun fi kowannensu shi kaɗai. Tumatir ko lemu a gefe yana taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfen saboda bitamin C, shayi kuwa rage shi yake yi, a jinkirta shansa.

Ban ce a yi sallama da nama ba. Bitamin B12 babu shi a wake, sai a nama, kifi, ƙwai ko madara.