Salaga ta nuna kuskuren yadda muke koyar da tarihi

A darussan tarihin duniya an saba ware fatauci, da hare-haren mahara, da mulkin mallaka, da ƙaura, kowanne a babinsa, ɗalibi ya haddace ya zuba a jarrabawa. A ganina wannan rabon yana ɓoye yadda ɗayansu ke haifar da ɗaya, kuma tarihin Salaga, da ke arewacin Ghana a yau, ya isa hujja.

A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga Kano da Katsina cikin ayari, madugu na jagora, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, su shafe watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Goro ne ya kai su, wanda ake kawowa daga dazuzzukan Asante, masarautar da ke kudu wadda Salaga ke ƙarƙashinta, a ƙunshe shi cikin ɗanyen ganye, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Sai dai a wannan kasuwa har mutane ake sayarwa, kuma nan ne masu alfahari da fataucin kakanninmu kan yi saurin wucewa. Mahara Zabarmawa irin su Babatu sun yi ta kama mutanen ƙasar Gurunsi, kuma da babu mai saye a kasuwa, da harin bai zama sana'a ba.

Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, Salaga ta kuɓuce daga hannun Asante, su kuma Asante suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni. Yaƙin basasa kan sarauta a 1892 ya ƙarasa abin da ya rage, 'yan kasuwa da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Accra, inda suka ƙara wa zangunan Hausawa yawa.

Saboda haka malamin da ya koyar da ƙaura bai ambaci goro da bayi ba, ba zai iya bayyana wa ɗalibi dalilin da ya sa, lokacin da gwamnatin Ghana ƙarƙashin Kofi Busia ta kori baƙi marasa takardu a 1969, aka loda wa motoci mutanen da a Ghana aka yanke musu cibiya, aka nufi Najeriya da Nijar da su ba.