Ranar da Na Tuhumi Hitchcock da Satar Fasaha

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon malamin makaranta ne wanda ya ɗauki kallon tsofaffin fina-finai tamkar zaman jarrabawa. Idan ya saka faifai sai an kashe fitila, an kife waya, kuma ko tari ne ya taso wa mutum sai ya haɗiye shi har a zo wurin da ba a magana. Ni kuwa duk abin da na sani game da fim a wurin katun ɗin nan na Amurka mai suna The Simpsons na koye shi, wanda Matt Groening ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a matsayin cikakken shiri a tashar Fox a watan Disamba na 1989. Na yi shekaru ina kallon Homer da matarsa Marge da 'ya'yansu uku ina dariya har da riƙe ciki, ban taɓa sanin cewa da yawa daga abin da nake yi wa dariyar wasu fina-finai ne ake kwaikwayo ana yi musu shaguɓe ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami, ni kuwa na kwana a kansa shekara da shekaru ina minshari.

Ranar da asirina ya tonu, Kawu ne ya kira ni ya ce lokaci ya yi da zan ga fim na gaske, ya saka mana Psycho na Alfred Hitchcock. Na zauna cikin ladabi ina kallon hoto marar launi, ina gyaɗa kai duk lokacin da na ga ya gyaɗa. Komai ya tafi daidai har aka zo wurin da matar nan ta shiga wanka a masauki, inuwar mutum ta bayyana a bayan labule, gogen Turawa ya ɓarke da wata ƙara mai tsinka zuciya. Kawu ya riƙe numfashi duk da cewa ya haddace wurin. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne jaririya Maggie ta katun ɗin Simpsons da robar tsotso a baki, ta lallaɓo ta sauke wa ubanta Homer guduma a ka yana cikin aikin kafinta, ya zube ƙasa, jan fenti ya malale yana gangarawa magudanar ruwa, kyamara ta tsaya a kan ƙwayar idonsa. Kiɗan ɗaya ne, magudanar ɗaya ce, hatta idon ma ɗaya ne. Na danne dariyar da iyakar ƙarfina, sai ta sauya hanya ta fito ta hanci.

Kawu ya tsayar da fim ɗin ya juyo a hankali, ya ce, "Ɗana, lafiyarka kuwa? Ana kashe baiwar Allah kai kana dariya?"

Mai hankali haƙuri zai bayar a nan ya ce wani abu ne ya tuna. Ni kuwa sai na yi karambanin akuya, na gyara zama na ce, "Kawu, ai wannan mutumin satar fasaha ya yi. Wurin nan gaba ɗaya daga Simpsons ya kwashe shi, ko kunyar sauya kiɗan bai ji ba." Ya cire tabarau ya goge shi da gefen riga, abin da yake yi ke nan idan ɗalibi ya ba da amsar da ta wuce bulala, sa'an nan ya miƙo mini kwalin faifan ya ce in karanta masa shekarar da ke jiki. Na karanta: 1960. Ya ce in ɗauko wayar da ya hana ni taɓawa in duba shekarar da aka nuna wancan wurin a katun ɗina. Na duba, muryata ta yi ƙasa, na ce 1990. Ya ce, "To madalla. Ka ga ɓarawon da ya riga mai kaya da shekara talatin. Kuma tun 1980 ya rasu, sai dai ka kai ƙararsa lahira."

A hanyar komawa gida ne na gane irin tarkon da marubutan shirin suka ɗana wa irina. Sukan gina barkwancinsu hawa biyu. Wanda bai san tushen ba zai ga jaririya ta maƙe babanta da guduma ya yi dariya ya wuce, wanda kuma ya sani zai ga an ɗauko wuri mafi ban tsoro a tarihin fim, an bi shi kusurwa bayan kusurwa, an ɗora wa 'yar da ko magana ba ta fara ba. A ganina wannan ce gwanintarsu, kuma ita ce muguntarsu, domin ba sa taɓa sanar da mutum cewa a hawa na ƙasa yake zaune.

Daga nan na ɗaura ɗamarar bincike don in wanke kaina. Na gano cewa wurin da Homer yake yawo a cikin kumbo yana cafkar soyayyen dankali da baki a shirin 1994, tsokanar fim ɗin sararin samaniya ne da Stanley Kubrick ya yi a 1968, kuma labarin attajiri Mista Burns da ke begen 'yar tsanarsa ta yarinta daga Citizen Kane na 1941 aka aro shi. Ilimin ya hau mini kai har na zama annoba a gidana, ina tsayar da katun kowane minti biyu ina yi wa yara lacca, sai da maiɗakina ta ƙwace rimot ta ɓoye, ta ce idan makaranta nake son buɗewa in nemi allo.

Bayan wata guda na ga na isa in rama. Na san Kawu ya kalli Cape Fear na 1962 amma bai ga sabon da Martin Scorsese ya yi a 1991 ba, wanda Robert De Niro ya fito a matsayin tsohon fursuna mai farautar iyalin lauyansa. Ni ma ban taɓa ganinsa ba, amma na kalli kwaikwayon da Simpsons suka yi masa a 1993 har na haddace, inda wani mugu mai suna Sideshow Bob ya fito daga kurkuku yana neman ran Bart, ɗan Homer. Saboda haka na kai masa faifan da kaina, na ce a ba ni izinin magana a wannan karon, domin zan riƙa faɗin abin da zai faru kafin ya faru.

Da farko abin ya yi mini kyau ƙwarai. Na ce za a ga jikin mutumin cike da zane, aka gani. Na ce zai shiga gidan kallo ya zauna a gaban iyalin yana busa sigari yana ƙyalƙyala dariya, ya yi hakan. Na ce zai ɗaure kansa a ƙarƙashin motarsu ya bi su har bakin ruwa inda jirginsu yake, da aka nuna shi yana rarrafowa daga ƙarƙashin motar sai Kawu ya dube ni da wani kallo wanda, ba don na san halinsa ba, da na ce girmamawa ce. A nan ne kaina ya kumbura, na ɗaga yatsa na ce, "Kawu, gyara zama, yanzu zai taka manjagara ta buge shi a fuska. Ba sau ɗaya ba, sau tara."

Kawu ya gyara zama. De Niro ya miƙe ya yi tafiyarsa lafiya lau. Na ce wataƙila sun jinkirta ta zuwa gaba. Aka shiga jirgi, hadari ya taso, aka yi ta dambe cikin ruwa da taɓo, ni kuwa idona yana kan ƙasa ina neman ko da ƙotar manjagara, har ina ce wa Kawu ya duba kusurwar hagu. Sai da sunaye suka fara hawa a allo sa'an nan na yarda cewa babu ita. Daga baya na karanta cewa shirin katun ɗin ne ya gaza cika mintocin da ake bukata, shi ya sa masu shi suka yi ta maimaita taka manjagarar don cike gurbi, wato abu guda da na fi alfahari da saninsa a fim ɗin shi ne abin da ba shi da alaƙa da fim ɗin ko kaɗan.

Kawu bai ce komai ba a daren, ya dai mayar da faifan cikin kwalinsa ya raka ni bakin ƙofa. Amma tun daga ranar, duk lokacin da zai saka wani fim, ko na yaƙi ne ko na soyayya, sai ya tsaya da faifan a hannu ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, faɗa mini tun da wuri, a minti na nawa manjagarar take?"