Kayan da ke bisa hanya

Duk sanda azumi ya ƙarato, ko aka rufe iyaka, zance ɗaya nake ji daga Damagaram: ƴan kasuwa sun ɓoye kaya, ba su tsoron Allah. Ni ma da bakina na sha faɗin haka. Masu ɓoyewa akwai su, ban wanke kowa ba. Amma shekarun da na yi ina aiki a wani babban sito kusa da Liyon, nan Faransa, inda muke rarraba kayan abinci ga kantuna, sun sa na fara ja da wannan hukunci.

Ina yaro, ni ke tsaron shagon kawuna a Kasuwar Dole. Wata shekara, saura sati uku azumi, ya yi odar sukari buhu hamsin daga Kano. Mota ta makara a hanyar Magariya. Mutane suna zuwa suna komawa hannu biyu, shi kuwa ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya aika wa wani dila daban, hamsin. Kwana huɗu shiru, ya ƙara talatin. A kansa, tunda buhun bai shigo shago ba, babu shi. Duk suka sauka kusan tare, azumi ya raba tsakiya, maƙwabtansa ma haka suka yi. Har bayan babbar salla muna kwana bisa buhunan sukari, tururuwa na cizonmu, ana karyar da shi ƙasa da kuɗin saye.

A watan Maris na 2020, da aka sa dokar kulle a nan, na ga irin kawuna sanye da kwat. Kwamfuta ta lissafa wa shugabanmu taliya da fulawar da za a nema, ya goge ya ninka da hannunsa. Washegari ya sake ninkawa. Watanni bayan haka muna ta neman inda za mu jibge su.

Ashe abin har suna gare shi. Tun shekarun 1960 ake buga wani wasa a jami'ar MIT ta Amurka, wai wasan rarraba giya (sunan ne kawai, da takarda ake yi). Mutum huɗu: mai kanti, dila, babban mai rarrabawa, da masana'anta. Ba su magana da juna, kowa odar na ƙasa da shi kawai yake gani, kaya kuma sai sun ɗauki makonni kafin su iso. Masu saye suna neman kwali 4 a mako, sai su koma 8, su tsaya nan, ba su ƙara motsi ba. Amma kafin a tashi, sito ya bushe ƙaraf sannan ya cika ya batse. A 1989 John Sterman ya nazarci yadda mutane ke buga shi, ya gano inda gizo ke saƙa: suna raina lissafin kayan da suka riga suka yi oda ba su iso ba. A 1997 Hau Lee na jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka yaɗa sunan bulala ga wannan hali: hannu ya ɗan motsa, bakin bulala ya yi tsalle. Kamfanin Procter & Gamble ya gani a Pampers. Jarirai ba su canza yawan abin da suke ɓatawa, amma odar da ke isa masana'anta sama take yi tana ƙasa.

To idan masu digiri da kwamfuta a gabansu haka suke, me ya sa na Dole kaɗai ake kira azzalumi?

Inda muka bambanta shi ne wanda ke shan bulalar. A nan kamfani ya rubuta asara, ya wuce. A gida mai sayen tiya guda ta gero ce, wadda jaka ɗaya take ƙullewa a bakin zane. Kamfe da zagin ƴan kasuwa a rediyo ba su rage mata ko dala. Da ƙungiyoyin ƴan kasuwa za su riƙa faɗin motoci nawa ke bisa hanya da ranar da ake sa ran saukarsu, OPVN kuma, hukumar ajiyar hatsi ta gwamnatin Nijar, ta sanar da wuri ranar da za ta fito da hatsin rahusa, da tsoro ya ragu kafin ya zama oda ta biyu da ta uku.

Na faɗa wa kawu haka ta WhatsApp. Ya yi dariya har da tari, ya ce: "Kai ɗan nan, zaman Turai ya taɓa ka. Wa ka taɓa ji ya gaya wa maƙwabcinsa abin da ke cikin motarsa?" Sannan ya ce in yi masa addu'a, shinkafarsa ta makara, ya riga ya kira wani dilan.