Kafin a ce yaron nan Zilisch bai kai ba

Yau ba maganar ƙwallo zan yi ba jama'a, ku yi min haƙuri, maganar tseren motocin Amurka ce, NASCAR. Na san mu masu binsa ba mu da yawa, don lokacin da suke tayar da motoci ranar Lahadi da rana a can mu nan dare ya riga ya yi, wani lokacin sai ƙarfe ɗaya ko biyu ake gamawa ga aiki da safe. Amma abin nan ya daɗe yana cin raina, tun da ƙungiyar Trackhouse suka sanar za su hau da Connor Zilisch babban mataki wato Cup Series a 2026, wasu na cewa yaro ne ɗanye an yi gaggawa, wasu na cewa ai ya gama da na ƙasa me zai zauna yi.

Yaron an haife shi a Yulin 2006. A 2025 ya ci tsere 10 a matakin da ke ƙarƙashin Cup, wanda a lokacin ake kira Xfinity, a motar JR Motorsports, duk da kambun ya kuɓuce masa a tseren ƙarshe na Phoenix, Jesse Love ya ɗauka. To wanda ya ci 10 a shekara ɗaya wa zai ce bai iya tuƙi ba? Ni ba iyawarsa ce ke damuna ba wallahi. Abin da ke damuna masu motocin ne, ko za su iya jiransa.

Mutane da yawa suna ɗauka daga Xfinity zuwa Cup kamar daga aji biyar zuwa aji shida ne, alhali tun 2022 da aka kawo motar da ake kira Next Gen motocin biyu sun raba hanya. Ta Xfinity tsohon yayi ce, giya huɗu, taya mai noti biyar. Ta Cup giya biyar ce da ake ja gaba da baya a jere, taya inci 18 mai noti ɗaya tal, kuma kowace tayar baya gashin kanta take ci. Ita ta Xfinity in bayanta ya fara zamewa a kwana direba na jin abin a jikinsa ya gyara da sitiyari, ita kuwa wannan tayarta siririn gefe gare ta, kafin ka ankara ta juya da kai ka sha bango. Ko tsofaffin hannu sun sha wuyarta, Kurt Busch da ya ɗauki kambu tun 2004, ya bugi bango da bayan motar a filin Pocono a 2022, kansa ya bugu, daga nan bai ƙara komawa tseren Cup ba.

Sannan ga tsawo. Tseren Xfinity yawanci mil 300 ne ko ƙasa da haka, amma Coca-Cola 600 na Charlotte mil 600 ne, zagaye 400, sama da kilomita 960 kenan kana zaune a cikin ƙarfe mai zafi awa huɗu ko fiye, kuma tsere 36 ake yi na maki a shekara. A da yaro zai samu awanni yana gwada mota Juma'a da Asabar, ƙungiyarsa ma ta kama fili ta kai shi ya yi ta zagaye shi kaɗai. An hana wannan gwajin na ƙashin kai tun 2015, da korona ta zo a 2020 kuma aka datse atisayen ƙarshen mako, yanzu ɗan minti ashirin da wani abu ake ba su. To a ina yaron zai koyi motar? A kwamfutar kwaikwayon tuƙi, sai kuma ranar Lahadi a gaban duniya, a tsakiyar mutanen da wasunsu tun kafin a yaye shi suke wannan sana'ar.

Duk wanda zai yi gardamar nan ya fara zuwa ya duba labarin Joey Logano tukuna. A 2009 Joe Gibbs Racing suka ɗora shi a mota mai lamba 20 yana ɗan shekara 18, kujerar Tony Stewart fa, mutumin da ya ɗauki kambu sau biyu a wannan motar. An zuga yaron nan an kai shi sama tun bai fara ba. A watan Yuni ya ci tsere a New Hampshire yana da shekara 19, har yau ba wanda ya ci Cup da ƙarancin shekaru irin nasa, amma kowa ya san ruwan sama ne ya tsayar da tseren yana gaba. Daga nan shiru, sai 2012 ya ƙara ci a Pocono. Shekara huɗu nasara biyu. Gibbs suka gaji suka ɗauko Matt Kenseth suka ba shi motar, lokacin Logano shekararsa 22 kacal amma har an fara maganarsa kamar wanda ya gama yayi. Ƙungiyar Penske suka ɗauke shi a 2013. Ya ci Daytona 500, tseren da ya fi kowanne daraja a NASCAR, a 2015, kambu a 2018, da 2022, da 2024. Gibbs su suka sha wahalar renon, Penske suka ci amfanin, kuma da Penske ba su da gurbi a shekarar nan da wataƙila yau Logano yana cikin jerin waɗanda ake cewa an hau da su da wuri sun lalace. Wannan abin yana tsaya min a rai sosai, don yaro ɗaya ne, hannu ɗaya, bambancin kawai wani ya ƙara masa lokaci.

Casey Atwood bai samu wannan gatan ba. Ray Evernham ya ba shi mota mai lamba 19 a 2001 yana shekara 20, shekara ɗaya aka sauke shi, bai sake samun mota mai kyau ba. Trevor Bayne ya ci Daytona 500 a 2011 kwana ɗaya bayan cikarsa 20, a tserensa na biyu a Cup, kuma ita ce nasararsa ta farko da ta ƙarshe, ko da yake shi rashin lafiya ma ta shigo ciki.

Ku duba inda aka yi haƙuri kuma. Chase Elliott ya ɗauki kambun mataki na biyu a 2014 yana 18, Hendrick suka ba shi lamba 24 ta Jeff Gordon a 2016, bai ci ba sai a tserensa na 99, Watkins Glen 2018, a 2020 ya ɗauki kambun Cup. William Byron wanda a kwamfuta ya fara koyon tsere, 2018 ya hau, sai Agustan 2020 ya fara ci, yanzu Daytona 500 biyu gare shi a jere, 2024 da 2025. Duk su biyun sai da suka kusa cinye shekara uku a motocin Hendrick, ƙungiyar da ta fi kowa kayan aiki. Shi ya sa ni a ganina duk mai motar da zai ɗora yaro ɗan 19 a Cup to ya sa a ransa bashin shekara uku ya ɗauka, in ba zai iya biya ba ya bar yaron a ƙasa ya ƙara nuna.

Ban ce shekaru ba su da tasiri ba fa. Akwai hankali da sanin ya kamata, wannan kuma ba a koyonsa a kwamfuta. Ty Gibbs a Martinsville 2022 ya tunkuɗe abokin aikinsa Brandon Jones a zagayen ƙarshe alhali shi ya riga ya samu gurbin wasan ƙarshe, Jones ne ke buƙatar nasarar. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Ya hau Cup a 2023, har ƙarshen 2025 bai ci tseren maki ba, amma ba wanda ke maganar sauke shi don ƙungiyar ta kakansa ce. Ba na masa hassada, haƙurin da yake samu shi ne daidai, ina so ne kawai wanda ba jikan mai gida ba shi ma a yi masa irinsa.

Wanda Zilisch ya gada a Trackhouse ma, Daniel Suárez ɗan Meziko, irin wannan ta same shi. Carl Edwards na Joe Gibbs Racing ya ajiye tuƙi ba zato a Janairun 2017, aka jefa Suárez a motar babu shiri, shekara biyu aka ce ya tafi, ya yi ta yawo ƙungiya zuwa ƙungiya sai 2022 ya ci na farko a Sonoma. Trackhouse sun san wannan labarin fiye da kowa tunda a hannunsu ya ci.

Zilisch tsere uku kawai ya yi a Cup a 2025, na farkon a Austin haɗari ya fitar da shi, na huɗun da zai yi a Watkins Glen bai samu yi ba don ya zame daga kan mota yana murnar cin Xfinity ya karya ƙashin kafaɗa. A filayen masu lanƙwasa hagu da dama ba na shakkarsa ko kaɗan, can ya taso. Inda zan zuba ido shi ne filayen zagaye masu kwana ta hagu kawai irin su Darlington da Bristol da Martinsville, inda tsofaffi ke cinye yara, kuma in ya yi ta gamawa na 25 a can ni dai ba zan ce komai a kansa ba sai ƙarshen 2028.