Dutsen Gamawa Ba Ya Gyara Askar Da Ta Dakushe

Masu fara wasa aska da kansu sukan ɗauka cewa dutsen wasa na asali, wanda aka haƙo daga ƙasa, muddin yana da santsi da tsada, shi kaɗai zai dawo da kaifin kowace aska. Ra'ayin yana da tushe, domin waɗannan duwatsu suna ba da kaifi mai daɗin aski, amma yana jawo wa mutane asarar kuɗi, kuma abin da ke damuna ke nan.

Yawancin duwatsun da ake yabo, kamar na Turinjiya a Jamus da mai taurin nan na Arkansas a Amurka, na gamawa ne, wato na matakin ƙarshe na wasa aska. Suna cin ƙarfe kaɗan-kaɗan, saboda haka ba sa gyara bakin da ya dakushe ko ya yi giɓi. Sai an fara daidaita bakin a kan dutsen masana'anta mai lamba 1000 (lambar tana nuna kaushin dutse: ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi santsi), a hau 4000 da 8000, sannan na asali ya yi amfani. Askar da ta kasa aske gashin hannu bayan dutsen 1000, ko an daɗe ana goga ta a dutsen Jamus, sheƙi kawai za ta yi.