Ƙannena, ku rage dannawar nan

Kwanan nan na kai wa wani ƙanena ziyara, yaro mai hankali da bai daɗe da fara ɗaukar albashi ba. Ƙofar ɗakinsa ba ta buɗuwa gaba ɗaya saboda kwalayen da aka jibge a bayanta, wasu an farke su, wasu ko salatif ɗin jikinsu ba a taɓa ba. Muna cikin gaisawa aka ƙwanƙwasa ƙofa, ɗan aike ne ɗauke da wani kwalin, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Ƙanen nawa ya karɓa, babu sannu, babu na gode, ya rufe ƙofa yana mita wai jiya aka ce masa kayan za su iso. Na tambaye shi me ke ciki. Ya juya kwalin, ya girgiza shi, ya ce, "Yaya, wallahi sai na buɗe zan tuna." Nan take kuma ya ɗauko waya ya rage wa ɗan aiken maki saboda latti.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Mutum ya manta abin da ya saya, amma bai manta an yi masa lattin kwana ɗaya ba. Kuma na san ba shi kaɗai ba ne. Da yawanku haka kuke, samari da 'yan mata: kuna kwance da tsakar dare, barci ya ƙi zuwa, ku buɗe manhajar babban kantin intanet ba don kuna neman komai ba, ku yi ta gungurawa har ido ya faɗa kan wani abu, ku danna. Wannan dannawar, wadda ba a tsaya an yi tunani kafin a yi ta ba, ita nake roƙon ku rage. Ban ce ku daina saye ta intanet ba. Akwai marar lafiya da ba ya iya fita, akwai mai neman littafi ko wani ƙarfen inji da babu inda zai same shi kusa. Waɗannan buƙata ce ta kai su. Ku kuwa mafi yawan lokaci hannu ne ya saba.

Kuma ku sani, sabon nan ba daga sama ya faɗo muku ba, zama aka yi aka tsara shi. Ku ɗauki mafi girma a cikin irin waɗannan kantuna, Amazon, wanda Jeff Bezos ya kafa a Amurka a 1994, ya fara da sayar da littattafai. Tun a 1999 kamfanin ya yi rajistar mallakar fasahar saye da dannawa ɗaya tak: an ajiye katin bankinka, an ajiye adireshinka, babu sauran wurin da za ka tsaya ka ce, "To, wai ina buƙatar abin nan kuwa?" Wannan ɗan dakatawar da ke tsakanin sha'awa da biyan kuɗi, ita ce suka gano tana hana ciniki, suka kawar da ita. A 2005 suka kawo tsarin Prime, ka biya kuɗin shekara a riƙa kawo maka kaya cikin kwana biyu. Wanda ya riga ya biya kuwa yana jin asara ce in bai yi oda ba, sai ya riƙa saye don kuɗin rajistarsa su fita. A 2015 suka ƙirƙiro ranar rangwame tasu ta kansu, ga agogo yana ƙirga sauran mintuna a gefen kaya, ga rubutu ja yana ce maka saura kaɗan su ƙare. Duk gaggawa ake cusa maka. Gaggawa kuwa aikin Shaiɗan ce, kuma sauri ya haifi nawa.

Za ku ce ai "kawowa kyauta" ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ƙannena. Mota tana shan mai, direba yana da ciki, kwali da kuɗi aka yi shi. In ba kai ka biya ba, wani ya biya, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci, domin wanda ke biya ɗin ba ya da bakin magana. A watan Janairun 2024 hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa ta bayyana cin tarar Yuro miliyan 32 ga reshen Amazon mai kula da rumbunan ajiya a ƙasar, saboda sa ido da ya wuce kima a kan ma'aikata. Na'urar da ma'aikaci ke riƙe da ita yana karanta lambar kaya tana rubuta duk lokacin da hannunsa ya tsaya. A lokacin, in ya yi minti goma bai taɓa ta ba, an rubuta. In kuma ya yi sauri fiye da yadda aka tsara, shi ma an rubuta. Kamfanin ya ce bai yarda da hukuncin ba, amma ku tsaya ku auna rayuwar mutumin da ake ƙirga masa daƙiƙa tun safe har yamma. A watan Afrilun 2021 kamfanin da kansa ya nemi afuwa bayan ya musanta cewa masu yi masa aiki suna fitsari a cikin kwalba, ya amsa cewa direbobi kan rasa wurin kewayawa a hanya. Babban mutum, mai iyali, yana fitsari a kwalba a cikin mota domin abin ɗora waya da ka yi oda da ƙarfe ɗayan dare ya iso maka kafin azahar. Gaggawarka bulala ce a bayan wani, ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Ma'aikatan rumbun kamfanin a Staten Island da ke birnin New York ba don jin daɗi suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago a 2022 ba. Na Coventry a Ingila ba don nishaɗi suka shiga yajin aiki a Janairun 2023 ba. Jiki magayi. An koya mana a ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, mu kuwa ko gumin ba ma son gani, allon waya ya rufe mana shi. Har ta kai ɗan aike ya zo ƙofarka a gajiye, ka karɓi kaya kamar daga hannun inji ka karɓa. Ina tarbiyya? Ko ruwa ba ka tayi ba, sai maki da za ka rage masa, kuma makin nan na iya shafar abincinsa.

Sai ɗaya halin da ya fi ba ni takaici: a yi odar riga kala uku, girma daban-daban, a gwada a ɗauki hoto, a mayar da biyu, wani lokaci ma duka. Kuna tsammanin abin da kuka mayar yana komawa kan kanta ne ya jira wani mai saye? A watan Yunin 2021 gidan talabijin na ITV ya bankaɗo abin da ke faruwa a wani rumbun Amazon da ke Dunfermline a Scotland. Wata takarda da ta fito daga ciki ta nuna kaya sama da 124,000 da aka yi wa alamar "a lalata" a cikin mako ɗaya. Akwai talabijin, akwai kwamfutoci, akwai littattafai, akwai takunkumin fuska, da yawa sababbi fil a cikin ledarsu, wasu kuma waɗanda aka mayar ne. Dalilin ba boyayye ba ne: ɗan kasuwar da ya ajiye kaya a rumbun yana biyan kuɗin ajiya, in kayan suka daɗe, lalata su ya fi masa sauƙi a kan ɗauko su. Kamfanin ya ce yana ƙoƙarin kawo ƙarshen hakan. Faransa dai sai da ta kafa doka a 2020 mai hana lalata sababbin kayan da ba a sayar ba, ta fara aiki a 2022. Ku duba inda duniya ta kai, sai an yi doka kafin a daina zubar da sabon kaya. Addini ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Kada ka ce kamfani ne ya zubar, da dannawarka aka fara.

Af, kada in manta da masu ɗaukar bidiyon buɗe kwali. Mutum ya zauna ya kafa waya, ya riƙa yanka leda yana ihu, dubban yara suna kallo suna haɗiyar yawu. Wannan wace irin sana'a ce? Ba a koya maka komai ba, an dai bar ka da jin cewa kai ne ba ka da shi. Ga kuma sabuwar annobar "karɓi yanzu, biya daga baya", inda yaron da bai tara ko na wata ɗaya ba yake da bashi a wuri huɗu, na takalmi, na agogo, na turare, na abin da ya riga ya lalace kafin a gama biyansa. Da ana jin nauyin bashi, mutum ba ya cin sa sai dole, kuma ba ya samun barci sai ya biya. Yanzu an mayar da shi maɓalli mai kyan launi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ba kwaɗayi ba wulaƙanci.

Ko ta fuskar aljihunku ma, ribar da kuke gani ba ta kai yadda kuke zato ba. Araha ba ta ado. Caja ta yi mako biyu ta mutu, ka sake oda, ta sake mutuwa, ka biya kuɗin mai kyau sau biyu ba ka mallaki mai kyau ba. Yabon da ake rubutawa a ƙarƙashin kaya ma wani saye ake yi. Sannan ga kuɗin wata-wata da ake cira kai ba ka ma tuna ka yi rajista ba. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta kai Amazon kotu bisa zargin shigar da mutane tsarin Prime ba da cikakkiyar yardarsu ba, tare da wahalar da mai son fita. A watan Satumban 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don a rufe maganar, ba tare da ya amsa laifi ba, kuma biliyan 1.5 daga ciki na mayar wa masu saye ne. Wanda shiga gidansa dannawa ɗaya ce, fita kuwa sai ka bi shafi bayan shafi, ai ya gaya maka matsayinka a wurinsa.

Akwai kuma ƙaramin ɗan kasuwa, wanda ku ke ganin kamar kuna taimakonsa. Fiye da rabin kayan da ake saya a Amazon na 'yan kasuwa ne masu zaman kansu da ke biyan kamfanin la'ada da kuɗin ajiya da na talla. A wata ƙarar ta daban da FTC da jihohi 17 suka shigar a Satumban 2023, an yi zargin cewa waɗannan kuɗaɗe kan kusa cinye rabin cinikin wasu, kuma wanda ya sauke farashi a wani wuri sai a dusashe kayansa a shafin. Wanda kuma ya yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsa, ku tambayi labarin Diapers.com, masu sayar da kayan jarirai. Amazon ya karya farashi har suka kasa, ya saye kamfaninsu a 2010, ya rufe shi a 2017. Arahar da ake yi maka yau, wani lokaci makami ce da ake kashe abokin gasa da ita, in ya mutu kuma ba ka da wurin zuwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin gobe kai ma kana iya zama mai sana'ar da ke neman wurin tsayawa.

Na san abin da za ku ce: "Ni kaɗai me zan canza?" Wataƙila kamfanin ba zai ma san ka rage ba. Amma ba a kan kamfani za a tambaye ka ba, a kan dukiyarka za a tambaye ka, ta ina ka samo, a ina ka kashe. Ka cire katin bankinka daga manhajar, ka bar abu ya kwana kafin ka biya, ka duba ko mai yin kayan yana sayarwa kai tsaye, ka tambayi na kusa da kai ko yana da shi. Sauran kuma kai ka san halin kanka fiye da ni. Sannu ba ta hana zuwa. Da yawa daga abubuwan da ka ƙwallafa rai a kansu da dare, da safe ba za ka ma tuna da su ba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne jira ya zama abin kunya. Iyayenmu sun san tanadi. Mutum yakan yi watanni yana tara kuɗin abu ɗaya, in ya saya ya san ranar, ya san wanda ya sayar masa, ya riƙe shi shekaru. Rediyo ta lalace a kai gyara, takalmi ya yage a ɗinke, tsani ko guduma a aro wurin maƙwabci a mayar da godiya, kuma a wurin aron nan ake jin wane ba shi da lafiya, wance ta haihu. Abin da suke da shi bai kai naku ba, amma ba su manta abin da suka mallaka ba, kuma ba su raina wanda ya ɗauko musu kaya ba. Yau kowa ya sayi nasa injin huda bango don rami biyu, ya jefa shi ƙarƙashin gado, maƙwabcinsa ma ya sayi irinsa, ba wanda ya san sunan wani. Masu gyara suna tsufa ba wanda ya zo koyo a hannunsu, domin kun daina kai musu aiki. Ranar da abu mai tsada zai lalace muku, wanda ba za ku iya sake yin odarsa ba, za ku fita neman mai gyara ku tarar ya daɗe da rufewa.